Shekara uku a gidan da na samu ta rancen gidaje na NHF: gaskiyar abun da na tarar

Tun ranar da na ɗora hoton darbejiyar da na shuka a ƙofar gida mutane suka hana ni sakat a WhatsApp, wai Malam ya akayi ka samu gidan nan, da gaske ana samu ko sai kana da wani a sama, nawa ake cire maka a wata, in nema ko kar in ɓata lokacina. Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa kawai. Sunan rukunin gidajen da kamfanin da ya gina da bankin da na bi ta hannunsa duk ba zan faɗa ba, har yanzu bashi nake biya kuma maƙwabtana sun iya karatu. Sauran kuwa ba abun da zan rage.

Shekara goma sha ɗaya nayi ina haya, gida uku. Duk tashin da mukayi sai wani abu ya karye a kayan ɗakin uwargida, har takai gadonta na aure da ƙusa da igiya yake tsaye. Ɗaya daga cikin gidajen kam mun ji daɗinsa, ga makarantar yara kusa ga masallaci a bakin layi, kwatsam ranar wata Juma'a a 2020 ejan ya kawo min takardar notis, wai ɗan mai gidan zai yi aure ana buƙatar wurin nan da wata uku. Naje na samu Alhajin da kaina, na durƙusa nace Alhaji a taimaka a ƙara min ko wata uku ne yara su gama zangon karatu, yace wallahi Malam da da hali da na ƙara maka amma an riga an sa rana. Ban ga laifinsa ba, gidansa ne. Amma daren ranar ban runtsa ba, ina kallon silin ina lissafin cewa ni da nake ma'aikacin gwamnatin tarayya mai iyali, takarda guda ɗaya ta isa ta maida ni mai neman inda zai ajiye katifa. Wata biyu mukayi a ɗaki ɗaya gidan yayana kafin mu samu wata hayar, kuma wanda ya taɓa kai matarsa da 'ya'yansa huɗu gidan ɗan'uwa yasan me nake nufi, ko da kuwa ana zaman lafiya.

A wannan zaman ne wani abokin aiki ya ɗauko feyi-silif ɗina ya nuna min layin da aka rubuta NHF, yace kai wannan kuɗin da ake yanka maka kasan na miye? Wallahi ban sani ba, na ɗauka irin harajin nan ne da ake cira ba a tambaya. Ashe asusun gidaje ne na ƙasa, tun 1992 zamanin Babangida akayi dokar, ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata ana tarawa a bankin bada lamunin gidaje na tarayya wato FMBN. In ka kai wata shida kana zubi ka cancanci neman rance, ruwansa kashi 6 cikin ɗari, kuma za a iya baka har shekara 30 kana biya gwargwadon abun da ya rage maka kafin ka kai 60. In kuma baka taɓa karɓa ba, ranar da kayi ritaya sai ka nemi a maido maka zubinka da ɗan ƙarin da bai taka kara ya karya ba. A lokacin da na nema iyakar rancen miliyan 15 ne, daga baya sun ɗaga shi zuwa miliyan 50. Ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu kuma tun 2023 zubin ya zama ganin dama a wurinsu.

Abu na farko da zan ce ma duk mai sha'awa, je ka duba ko kuɗin da ake cire maka yana isa inda aka ce. Ni da na duba sai na tarar kusan shekara biyu babu komai a shafina, a ofishinmu an cire amma ba a tura da sunana ba, sai da nayi sati shida ina zarya tsakanin akawu da akawu, wannan yace wancan ne, wancan yace mai makullin kabad ɗin ya tafi ta'aziyya, kafin aka gyara.

Sai maganar bankin mogej, don rancen ba kai tsaye ake miƙo maka ba, ta hannun wani ƙaramin bankin gidaje zaka bi. Nan ne na sha wuya. Fom, hoto, feyi-silif na wata uku, takardar haraji, takardar ɗaukar aiki, takardar tayin gida daga kamfanin da ya gina, rahoton masu kimanta gida, kuma kowace takarda da kuɗinta, kuɗin fom daban kuɗin lauya daban kuɗin inshora daban, ba wanda ya faɗa min jimillar tun farko, sai dai duk zuwa a ɓullo da sabon abu. Gidan miliyan 7 ne mai ɗaki biyu da falo, aka ce in kawo kashi 10 cikin ɗari nawa na kaina wato dubu 700, na sayar da filin da nake dashi a ƙauye na haɗa da adashin uwargida, Allah ya saka mata. Bayan na gama biya sai shiru. Wata huɗu, wata takwas, shekara. In na kira wata yarinya ce take ɗauka tace yallaɓai fayil ɗinka yana kan hanya, har na riƙa tsokanarta ina cewa 'yata wannan hanyar ta Legas ce ko ta Makka a ƙafa. Sau biyu ana cewa in sake kawo feyi-silif saboda na baya sun tsufa, alhali a hannunsu suka tsufa. Wata goma sha tara cif daga ranar da na cike fom zuwa ranar da aka bani makulli, kuma duk tsawon lokacin haya nake biya a wani wuri. Amma ga amsar masu tambaya: ban bada cin hanci ba, ban kuma san kowa a sama ba. Naci ne kawai da kuɗin mota.

Yanzu lissafi, don nan ne daɗin abun yake. Rancena miliyan 6 da dubu 300 ne a shekara 20, ana cire min dubu 45 da 'yan kai duk wata tun kafin alat ya shigo. Da farko ji nayi kamar an yanke min ƙafa ɗaya. To amma sai ga 29 ga Mayu 2023 an cire tallafin mai, komai ya tashi, buhun siminti da muka sani dubu huɗu da wani abu ya haura dubu goma a farkon 2024, masu gidajen haya suka riƙa ninka kuɗi ba ko sallama, ni kuwa dubu 45 ɗin nan tana nan inda take ko kwabo bata ƙaru ba. Gidan da na tashi daga ciki yanzu hayarsa ta shekara ta wuce abun da nake biya a shekara, kuma shi mai biyan ba ko bulo ɗaya da zai ce nasa ne. Je bankin kasuwa ka nemi irin wannan rancen kaji, ruwan ya haura kashi 20 kuma ba mai baka shekara 20. A wannan ɓangaren dai ban da ta cewa sai godiya.

Nasan akwai masu jira in zo kan maganar kuɗin ruwa. Eh akwai shi, kuma ya dame ni, na tambayi malamai biyu na samu amsa biyu. Ni dai na karɓa a halin da nake ciki kuma ba fatawa nazo bayarwa ba, kowa ya tambayi malaminsa. Sai dai ku sani daga baya an fito da tsarin haya har ka mallaka a kan Ijara, wato tsarin haya na Musulunci, wanda babu ruwa a ciki, da a ce yau nake nema shi zan fara tambaya.

Gidan kansa kuma fa. Ranar da muka buɗe ƙofa uwargida guɗa ta rangaɗa, yara suka shiga gudu ɗaki-ɗaki, ni kuma idona yana kan bango don tun a ranar na hango tsaga daga saman taga har ƙasa. Fulastar in ka murza da yatsa sai yashi ya zubo, kai kace da rowar siminti aka haifi ɗan kwangilar. Damina ta farko silin ɗin falo ya jiƙe ya lotso kamar cikin mai juna biyu saboda kwanon rufin irin mai shara-sharan nan ne kuma ba a buga ƙusa yadda ya kamata ba. Ƙofofin ɗakuna na fale-falen katako, famfon banɗaki ya karye a hannun ƙaramin ɗana sati na biyu, sokawe kuwa ɗan mitsitsi suka haƙa shekara ɗaya ya cika. Mun rubuta ma kamfanin takarda mu goma sha huɗu, suka turo wani yaro da bokitin fenti. Duk wanda zai shiga irin gidan nan ya ware aƙalla abun gyara a gefe, ni na kashe sama da dubu 800 a hankali a hankali, katanga da ƙyaure ma ni nayi don gidan a buɗe aka bamu shi kamar rumfar kasuwa, kuma kun san Bahaushe da iyali ba ya zama ba katanga.

Ruwa: akwai tanki babba a tsakiyar rukunin, an masa fenti mai kyau, ranar buɗewa ya zubo da ruwa an ɗauki hoto, daga ranar bai sake ba. Da 'yan garuwa muka rayu har sai da muka haɗa kuɗi muka haƙa bohol mai sola. Taransifoma an kawo amma ba a jona ba sai bayan wata tara, bayan an jona ɓarayi suka kwashe wayar ciki. Hanya kuwa kilomita kusan ashirin daga cikin gari, kwalta ta ƙare tun kafin a iso mu, da damina mai Keke Napep in ka faɗa masa sunan unguwar ko juyowa ba zai yi ba. Ba makarantar gwamnati kusa, ba asibiti, ba kasuwa. Abun da na rage a haya rabinsa yana tafiya a man mashin.

Duk da haka in kuka ce in koma haya ba zan koma ba. Akwai wani irin barci da mutum yake yi in yasan ba ejan da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa, ban san dashi ba sai da na shekara arba'in da biyu. Na shuka bishiya, na buga ƙusa a bango inda naga dama, uwargida ta kafa turken awaki a bayan gida ba wanda ya ce mata don me.

To amma akwai abun da yake ci min rai, shine ma ainihin dalilin da yasa rubutun yayi tsawo. A layinmu gida ashirin ne, bakwai kawai ake kwana a ciki. Sauran an saya an kulle, ciyawa ta kai gwiwa, wasu masu su ko sau ɗaya bamu taɓa ganinsu ba, ance manya ne a Abuja suka saya da sunan 'ya'ya da ƙanne suna jiran ya yi tsada. Kuma ba mu kaɗai ba, mutanen Kano sun san yadda gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo suka daɗe da yawa a rufe bayan an sayar, har gwamnatin jiha ta fito tana gargaɗin masu su ko su shiga ko a ƙwace. Mai gadin waɗannan rufaffun gidajen namu wani dattijo ne da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyensu a Zamfara, shi da matarsa da jikoki biyar suna kwana a wani kango a ƙarshen rukunin da aka bari ba rufi, sun rufa leda da buhunan siminti a kusurwa ɗaya. Makullan gida goma sha uku ne a aljihun rigarsa, in yana tafiya kana jin ƙararsu. Duk safiya sai ya buɗe ya share ya kulle, ya koma kango.

Wata rana da yamma muna zaune a gindin darbejiyar yace min Alhaji, ni kam wannan fom ɗin da kuka cika, a ina ake sayarwa? Nace Baba sai mai albashi, ko mai sana'ar da zai iya nuna shigar kuɗinsa a banki duk wata. Yace to ai nima ana bani dubu 25 a wata. Na rasa me zan ce masa, sai na ce Baba bari in bincika. Ƙarya nayi, ba abun da zan bincika, lissafin a kaina yake. Ƙa'ida ita ce abun da za a cire maka kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na samunka. Ɗauki ma mai mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa hannu a 2024, kashi ɗaya cikin uku dubu 23 da ɗoriya kenan, ko shekara 30 aka bashi rancen da zai iya ɗauka bai kai miliyan 4 ba. Gida mafi araha kuwa mai ɗaki ɗaya a sabon shirin Renewed Hope na gwamnatin Tinubu, wanda aka gina da kuɗin kasafi, miliyan 8 zuwa 9 aka ce, wanda 'yan kasuwa suka sa hannu kuma ya haura miliyan 20. Masinjan ofishinmu da ake cire ma NHF duk wata kamar ni, zubinsa yana cikin kuɗin da aka ranta min, shi kuma ba zai taɓa kaiwa ba. Balle Baba.

Shi yasa in naji a rediyo ana cewa an gina gidaje domin talakawa nake tsaki. A kira abu da sunansa, gidajen ma'aikata ne masu matsakaicin albashi, kuma muna buƙata, ba ƙarya. Amma mai kwana a tasha da ƙarƙashin gada da barandar shagon mutane, da matan da suka gudo daga Zamfara da Katsina da Sakkwato suna bara a bakin danja da goyo, ba layinsu bane wannan, su ba su da layi ma. Ba yau aka fara ba kuma. Shagari ya hau a 1979 da alƙawarin gida dubu 40 duk shekara, dubu biyu a kowace jiha, har yau kusan duk babban gari akwai unguwar da ake kira Shagari Kwatas ko Lokos, je ka ga su waye a ciki, ma'aikata ne da 'ya'yan ma'aikata, wasu ma tun a lokacin a daji aka gina su saboda rigimar fili tsakanin tarayya da gwamnonin adawa. Jakande yayi nasa a Legas ya samu yabo, Abacha ya bar rukunin Gwarinpa a Abuja wadda yanzu ko darakta sai ya yi da gaske. A Fabrairun 2024 aka aza harsashin gida 3,112 a Karsana ta Abuja, aka kuma fara gida 250-250 a jihohi irin su Katsina da Sakkwato da Gombe da Yobe. Ko yawan gidajen da ƙasar take buƙata ba a daidaita ba, wani yace miliyan 17 wani yace 28, Fashola da yana minista cewa yayi ma lissafin miliyan 17 ɗin bashi da tushe.

Wanda ya ɗan yi kama da na su Baba shine wanda Ahmed Dangiwa ya sanar yana ministan gidaje, gida 100 a kowace ƙaramar hukuma cikin 774, jimilla 77,400, don masu ƙaramin ƙarfi da marasa galihu. Na ji daɗin jin hakan wallahi, amma ku ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya irin Dala ko Igabi ku raba mata gida ɗari ku gani, ko 'yan uwan kansiloli ba zai isa ba. Inda na ga an ba wanda baida komai makulli kyauta da gaske Borno ce, inda Zulum ya riƙa gina gidaje yana maida 'yan gudun hijira garuruwansu bayan ya fara rufe sansanonin Maiduguri a 2021, duk da shima akwai masu ƙorafin an maida mutane inda tsaro bai gama samuwa ba, sannan ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 tazo ta sake raba dubban mutane da muhallinsu. Tsarin mulkin ƙasa a sashe na 16 ya ambaci samar ma kowane ɗan ƙasa matsuguni mai kyau, sai dai yana cikin babin da ba a kai gwamnati kotu a kansa. A gaskiya hukumar da take kula da marasa gida a ƙasar nan ita ce yaya da ƙane da suruki da zauren mai unguwa da barandar masallaci, ni shaida ne tunda gidan yayana na faɗa.

In tauraro ake bayarwa, rancen kansa huɗu cikin biyar, bankin da na bi ta hannunsa biyu, kamfanin da ya gina ɗaya, shima albarkacin harsashin bai motsa ba. In kai ma'aikaci ne mai albashi tsayayye, shekarunka basu wuce arba'in da biyar ba, kana da abun hawa kuma kana da haƙurin zarya, nemi abunka, kuɗinka ne ake yanka. Amma kar ka biya ko sisi sai kaje da ƙafarka ka ga gidan, kuma kaje da damina ba da rani ba, ka tafi da magini ya ƙwanƙwasa bango, ka buɗe famfo da hannunka, ka tambayi waɗanda suka riga ka shiga ba ma'aikatan kamfani ba, ka kuma tambayi matsayin takardar filin don tun dokar filaye ta 1978 komai sai da sa hannun gwamna, mu har yau takardunmu na mallaka ana cewa suna kan tebur. In kuma albashinka bai kai ba kar ka bari wani ejan ya karɓe maka kuɗin fom a banza.

Shi kuwa Baba, a taron ƙungiyar unguwa na watan jiya na kawo shawara mu kira ɗaya daga masu rufaffun gidajen mu roƙa a bashi ko ɗakin baya ne kafin ruwa ya sauka. An samu lambar mutum ɗaya, yace zai yi shawara da madam, har yau bai kira ba. Sai muka yi karo-karo aka sayi bandir biyu na kwano, ranar Asabar kafinta zai zo ya rufa masa ɗaki ɗaya a kangon, saura kuɗin katako da ƙusa dubu 38 muke nema, mutum huɗu a layinmu basu bada nasu ba tukuna kuma sun san kansu.